Amsoshin Tambayoyi: Tsohuwar na'urar gwaji da manhajar da ke cikinta

Wani mai gyaran rediyo daga Kano ya rubuto cewa ya ceto wata tsohuwar na'urar gwaji, Fluke 9010A, daga hannun 'yan gwangwan, tana kawo wuta, yana tambaya me zai fara saya mata.

Malam, ka yi sa'a. Tun farkon shekarun 1980 ake binciko matsalar allunan kwamfuta masu ƙwaƙwalwar sarrafawa (processor) irin su Z80 da 6502 da wannan na'ura. Amma ka daina kunna ta tukuna. Fara duba bayanta, domin kayan da aka kwaso daga Amurka an saita su ne a kan wuta 120, tamu kuwa 230 ce. Sannan ka buɗe ta ka nemi IC, wato ƙananan sassan lantarki masu ƙafafu da yawa, masu 'yar tagar gilashi da takarda manne a kai. Su ne EPROM, a cikinsu manhajar na'urar take. Cajin lantarki ne ke riƙe da bayanan, kuma yana tsiyayewa a hankali. Masu ƙera su shekara 10 zuwa 20 suka saba lamuncewa, taka kuwa ta kusa 40 ko ta haura. Kada ka ɓare takardar nan, hasken rana na goge abin da ke ciki. Abin da za ka fara saya shi ne na'urar karanta IC, irin su TL866II Plus ko T48 na kamfanin XGecu.

A nan zan tsaya, domin abin na ci mini rai. Jabun waɗannan na'urori sun cika kasuwa. Mutum ya ga an rage masa 'yan dubbai, ya saya da murna, ya ɗora IC ɗin da ba shi da madadi a kai. Ni ma na taɓa sayen IC goma da aka ce sababbi ne. Da na goga auduga mai sifirit a bayansu, baƙin fenti ya biyo audugar, wata lamba daban ta bayyana. Tsofaffi ne aka kankare aka sake rubutawa. Saboda haka ka saya wurin wanda zai karɓi kayansa idan ba su yi ba, ka fara gwadawa da IC marar amfani. Wajen ciro EPROM ɗin daga na'urarka, ka bi a hankali kada ƙafa ta karye, ka lura da inda tsagar kansa ta fuskanta, don juya shi baibai na iya ƙona shi nan take. A lokacin hunturu ka taɓa ƙarfe kafin ka taɓa shi, don cajin lantarkin da ke taruwa a jikinka ya fita. Karanta sau uku, ka tabbata duk sun zo daidai da juna, ka sa wa fayil sunan da ke kan takardar, ka ajiye a wuri fiye da ɗaya. Kuma don Allah kada hannunka ya kai kan maɓallin rubutawa, don zai iya ɓata abin da ke cikin IC ɗin.

Wata ɗaliba daga Damagaram hankalinta ya tashi: mahaifinta ya bar mata Tektronix 2465B, injin da ke nuna siginar lantarki a fuskarsa (oscilloscope), an ce mata zai iya lalacewa yana ajiye. 'Yata, kwantar da hankalinki, Allah ya jiƙan baba. Gaskiya aka faɗa miki: lambobin saitinsa suna cikin wani IC da batir ke riƙe wa bayanai (a wasu samfuran na kamfanin Dallas ne mai batir a ciki), idan batirin ya mutu sun tafi. Littafin gyaransa ya bayyana yadda ake sa lambobin su fito a fuskarsa. Ki ɗauke su bidiyo da waya a makon nan, kafin kowa ya kusance shi da dalma.

Wani kuma na tambaya ko ya sayar wa mai ƙosai tsofaffin littattafan na'urori tunda “komai na intanet”. Wa ya gaya maka? Duba Bitsavers da Internet Archive, shafukan intanet masu adana tsofaffin takardu. Wanda babu shi a can, ka yi masa sikanin a 600 dpi (ma'aunin kaifin hoto ke nan), har da manyan shafukan zanen wayoyin lantarki masu naɗewa, ka tura musu. Mai ƙosai ta nemi jarida.