Ƙafar mutum ce ke buga gangar nan ko kwamfuta?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko saurin gangar da kake ji a kiɗan technical death metal, wani nau'in kiɗan rock mai tsananin ƙara da sauri da sarƙaƙiya, aikin mutum ne ko na kwamfuta. Galibi ƙafar mutum ce: makaɗin yana taka feda biyu, dama da hagu bi da bi, sai dai akan maƙala wa gangar 'yar na'ura mai daidaita ƙarar kowane bugu, shi ya sa kunne ke zaton inji ne. Kundin waƙoƙi na farko na Necrophagist, wata ƙungiyar masu irin wannan kiɗan, na 1999, shi kam da injin ganga aka yi shi.

Amma 'yar na'urar da ake maƙala wa gangar ba ta gyara kuskuren lokaci, tona shi ma take yi. Ranar da na gwada ta a wani ɗakin atisaye a Jidda, na ji ƙafata ta hagu tana makara ƙarara, dole na koma takawa sannu a hankali har tsawon watanni.