Atamfar Sin Ba Ta Zama 'Yar Kano Don Ta Kwana A Kwari

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Ina sarin atamfa da shadda daga Sin, ina kuma karɓar takalman fata a hannun dukawa a cikin gari. Ƙanina da ke zaune a Nima, a Accra, ya ce an yi yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka, yanzu babu kuɗin fito tsakaninmu da Gana. Ina so in tura masa dila ashirin na atamfa da buhunan takalma. Gaskiya ne ba zan biya komai ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Na ji daɗi da ka tambaya tun kaya ba su hau mota ba, domin maganar ƙaninka rabi gaskiya ce, kuma ɗaya rabin na iya cinye maka riba har ya taɓa uwar kuɗi.

Yarjejeniyar tana nan. An sa mata hannu a Kigali a watan Maris na 2018, Nijeriya ta sa nata hannun a Yamai a Yulin 2019, aka buɗe ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairun 2021. Hedikwatarta ma a Accra take. Sai dai ba a soke kuɗin fito dare ɗaya ba. Kashi 90 cikin ɗari na nau'o'in kaya ake rage wa haraji sannu a hankali cikin shekaru, kashi 7 an ba su ƙarin lokaci, kashi 3 kuma an ware su gaba ɗaya.

Amma kai da za ka Gana, ba ita ce ta fi shafarka ba. Nijeriya da Gana duk 'yan ECOWAS ne, kuma akwai tsohon tsarin sassauta ciniki da ake kira ETLS, wanda ya fara da amfanin gona da aikin hannu tun 1979, aka shigar da kayan masana'antu a 1990. Shi ne ƙofarka. Kuma da shi da sabuwar yarjejeniyar, tambaya ɗaya suke yi wa kaya: ina aka haife ku?

Ga inda lissafin ya karkace. Rangwamen na kayan da aka noma ko aka ƙera a yankin ne. Atamfar da aka saƙa aka buga a Sin, ko ta shekara a shagonka, ko ka biya mata kwastan a Apapa har da rasit, idan ta isa Aflao, bakin iyakar Gana da Togo, 'yar Sin ce, kuma za a caje ta a haka. Tun 2015 ƙasashen ECOWAS ke aiki da jadawalin haraji ɗaya kan kayan waje: sifili, kashi 5, 10, 20 da 35. Atamfa tana rukunan sama. Mu ɗauka a kashi 20 kawai: kayan naira miliyan 10 sun ja miliyan 2, ban da harajin VAT na Gana, ban da kuɗin mota da na ejan. Ka biya a Legas, ka sake biya a Gana, sannan ka je ka yi gasa da wanda ya sauke irin kayanka kai tsaye a tashar jiragen ruwa ta Tema a Gana ya biya sau ɗaya. Ta ina za ka fita? Shawarata, ka bar atamfar nan a Kwari inda take da kasuwa.

Takalman nan kuwa, su ne dukiyar da kake riƙe da ita ba ka sani ba. Fatar akuya ce aka jeme a Kano, baduku ya yanka ta a kan gwiwarsa, ya huda da basilla, ya ɗinke da hannu. Babu jami'in da zai ce daga Dubai ta zo. A ƙa'idar ETLS, aikin hannu da amfanin gona da dabbobi ba sa biyan kuɗin fito, ba a ma wajabta musu takardar shaidar asalin kaya ba. Haka saƙin gida da hular zanna da jakunkunan fata. Abin yana ci mini rai idan na ga 'yan kasuwarmu suna raina waɗannan suna bin kwantena, alhali kayan dukawa da masaƙa ne doka ta buɗe wa hanya tun 1979.

Akwai tsaka-mai-wuya a nan, kuma ya kamata ka san shi. Idan tafin takalmin roba ce ta waje, ko farin yadi ne aka shigo da shi aka rina a Ƙofar Mata, jami'i na iya tambayar nawa ne aikin gida a ciki. Ma'aunin da aka saba da shi a kayan masana'anta shi ne aƙalla kashi 30 na farashin fitowar kaya ya kasance ƙimar da aka ƙara a gida. Don haka ka riƙa karɓar rasit a hannun dukawa, da sunan kaya da adadi, ko da a takardar littafin makaranta ne da sa hannu. Ka yi rajistar fitar da kaya da NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya ta Nijeriya, ka cike fom ɗin fitar da kaya na NXP ta bankinka. In wata rana ka kafa injina, to sai ka nemi amincewar kwamitin ETLS na ƙasa kafin kayan su samu rangwame.

Ka kuma sa a ranka cewa rashin kuɗin fito ba ya nufin kyauta. VAT yana nan, kuma hanyar Seme zuwa Kwatano zuwa Lome zuwa Aflao cike take da shingaye. Kada ka manta yadda aka rufe iyakokin Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, kayan mutane suka lalace a mota. Hanyar arewa ta Nijar da Burkina Faso kuwa ta sauya, tunda su da Mali sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, suka kuma sa nasu harajin kashi 0.5 kan kayan da ke shiga musu.

Sai batun ƙaninka. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe ƙananan cinikin kasuwa ga 'yan ƙasa, ta kuma ɗora wa baƙo mai saye da sayarwa jarin dala miliyan ɗaya. A kanta aka sha garƙame shagunan 'yan Nijeriya a Accra da Kumasi. In ba shi da takardar ɗan ƙasa, ya nemi amintaccen mai shago ɗan Gana a zango, ku ba shi sari, ku rubuta yarjejeniya gaban shaidu.

Ka fara da buhu biyu. Ka sa direba ya rubuta duk abin da ya biya daga Kano har Nima, shinge bayan shinge, ka raba jimillar a kan kowane takalmi. In ka samu wannan adadi, ka aiko mini da shi tare da farashin da ake sayarwa a can, sai mu zauna mu ga ko buhu ashirin zai fitar da kai.