Tambaya da Amsa: Koyon Zama a Teburin Masu Sa Ido kan Kamfanonin Ruwa a Ingila

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni akanta ce mazauniyar Birmingham, na daɗe ina aiki a wani kamfani amma ban taɓa shiga ɗakin da daraktoci ke yanke shawara ba. Na ga sunan hukumar Ofwat cikin masu karɓar 'yan koyo a shirin Boardroom Apprentice na koyon aikin darakta, sai kuma na ji ana cewa gwamnati za ta rusa ta. Mene ne ainihin aikinta, kuma shin akwai amfani in ba da shekara guda ina koyo a wurin da ake cewa ya gaza?
Wata mai karatu daga Birmingham

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Shawarata ita ce ki nema, kuma gazawar da ake magana a kai tana cikin dalilan da suka sa na ce haka.

An kafa Ofwat ne a 1989, lokacin da gwamnatin Margaret Thatcher ta sayar wa 'yan kasuwa hukumomin ruwa goma na Ingila da Wales, kuma babban ofishinta yana nan garinku. Dalilin kafa ta shi ne magidanci ba shi da zaɓi: kamfanin da ke yankinsa shi ne zai ba shi ruwa, ko yana so ko ba ya so. A gida idan famfo ya ƙafe mutum yakan kira ɗan garuwa, amma a can babu wanda zai kira, don haka dole a samu mai tsayawa tsakanin kamfani da jama'a. Duk shekara biyar hukumar takan zauna ta yanke iyakar kuɗin da kowane kamfani zai karɓa, da ayyukan da zai yi da su. A Disambar 2024 ta amince a kashe fam biliyan 104 tsakanin 2025 da 2030, abin da zai ƙara kuɗin ruwan gidaje da kusan kashi 36 cikin ɗari, ba a haɗa da hauhawar farashi ba. Tsabtar ruwan sha da lafiyar koguna kuwa suna hannun wasu hukumomin daban.

Ƙorafin jama'a yana da tushe. A 2023 kaɗai, kamfanoni sun saki ruwan ƙazanta cikin koguna da teku a Ingila na tsawon sa'o'i miliyan 3.6 idan aka haɗa jimilla, yayin da Thames Water, mai hidima ga mutum kusan miliyan 16, ya nutse cikin bashi. A Mayun 2025 Ofwat ta ci shi tarar fam miliyan 122.7, kuma miliyan 18.2 daga ciki saboda rabon riba ne ga masu hannun jari a lokacin da aikinsa bai kai ya yi rabon ba. Wata biyu bayan haka kwamitin nazarin harkar ruwa da Sir Jon Cunliffe ya jagoranta ya ba da shawarar a haɗa ayyukan sa ido a ƙarƙashin sabuwar hukuma guda da za ta maye gurbin Ofwat, gwamnati kuma ta amince. Sai dai rusa hukuma irin wannan sai da doka daga majalisa, kuma aikin da take yi ba zai mutu ba, komawa zai yi hannun magajiyarta.

Ki tsaya a kan wannan fam miliyan 18.2, domin a nan ne sana'arki ta haɗu da tambayarki. Ba a raba riba sai daraktoci sun zauna sun amince. Ke nan akwai ranar da aka ajiye takardar a gaban mutane masu ilimi da gogewa, aka karanta, aka wuce. Abin da ake buƙata a irin wannan rana shi ne mutum ɗaya da zai ɗora yatsa a kan layin lissafi ya ce, cikin ladabi, a bayyana masa yadda za a fitar da kuɗi alhali bututu na yoyo, ya kuma ƙi gamsuwa da amsar da ba ta cika ba. Wannan ne ya sa ƙa'idojin da Ofwat ta fitar a 2019 suka nemi daraktoci masu zaman kansu, waɗanda ba ma'aikatan kamfani ba kuma ba wakilan masu jari ba, su zama rukuni mafi yawa a teburin. Yin irin wannan tambaya ba a koyonsa a aji, sai an ga masu yi, an kuma ga inda suka yi shiru.

Shi kuwa shirin, Eileen Mullan ce ta fara shi a Ireland ta Arewa a 2017, daga baya gwamnatin Birtaniya ta faɗaɗa shi. Matsalar da ya zo warwarewa kin san ta: ba a ba mutum kujera sai yana da gogewa, gogewar kuma ba ta samuwa sai a kan kujerar. Ɗan koyo yakan yi wata 12 yana halartar zaman majalisar gudanarwa, ana aiko masa da takardun taro kamar kowa, ana haɗa shi da ɗaya daga cikin membobi ya zama jagoransa, ga kuma ranakun horo a kan dokoki, kuɗi da nauyin da ke wuyan darakta. Ba shi da ƙuri'a, ba a biyansa albashi, kuma ba a yi masa alkawarin muƙami idan ya gama ba.

Hukumar da ke zaune lafiya za ta koya miki tsarin taro ne kawai. Wadda 'yan majalisa, 'yan jarida da kamfanoni suka sa a gaba za ta nuna miki yadda ake yanke hukunci idan ƙarin kuɗi zai cutar da talaka, rashin ƙarin kuma zai bar kogi cikin ƙazanta. Duk da haka kada ki ɗaure zuciyarki a kan Ofwat ita kaɗai, domin jerin hukumomin yana sauyawa daga shekara zuwa shekara.

Kafin ki cike takarda, ki samu amincewar shugabanninki a wurin aiki, saboda tarurrukan da horon sukan faɗo a ranakun aiki, kuma takardun zama ɗaya za su iya cinye miki ƙarshen mako. Idan kamfaninku yana hulɗa da wani kamfanin ruwa, ko kina da hannun jari a ciki, ki bayyana tun farko. Abin da kika ji a ɗakin kuma amana ce, ba ya fita ko a gida. Allah ya ba ki sa'a.