Amsa ga Sani kan durom ɗin ciyar da tsuntsayen daji

Sani, ka tambaye ni dalilin da ya sa muke wahalar lanƙwasa kwano mu kafa shi a cikin durom, alhali a ganinka huda gindin durom ɗin kawai ya isa hatsi ya riƙa zubowa zabin daji da fakara su ci. Tambayar tana kan hanya, domin a wannan wuri ne yawancin masu ƙera irin wannan mazubi suke ɓata aikinsu.

Hatsi ba ya gudu irin na ruwa. Idan ka zuba dawa a ƙasa za ta taru ta yi tsibi, gefenta ya tsaya a gangara ta wajen digiri 30, daga nan ba za ta ƙara motsi ba. Da wannan hali mazubin yake aiki: hatsi yana fitowa ta tsagar da muka yanka a ƙasa, ya taru a farantin da ke ƙarƙashin durom ɗin har tsibin ya toshe tsagar da kansa, sai tsuntsu ya tsattsaga ya rage shi sannan wani ya gangaro. Amma idan gindin durom a shimfiɗe yake, hatsin da ke nesa da tsagar zai kwanta a wurin wata da watanni, ya sha danshi, ya yi funfuna, ƙwari su haihu a ciki, har ya lalata sabon da aka zuba a kansa. Shi ya sa muke kafa kwanon nan mai tsini a sama, gangararsa ta kai digiri 45 ko ta ɗan fi, don kowace ƙwaya ta sami hanyar fita.

Tsagar ma tana da ma'auni. Ga gero da dawa faɗin yatsa biyu ya wadatar, masara kuwa sai uku, domin ƙwayoyinta kan cije juna a bakin ƙaramar kafa su tsaya cik, durom cike amma faranti wayam. Leɓen farantin ya ɗan ɗara saman tsagar tsawo, in ba haka ba hatsi zai yi ta malala ƙasa, gafiya da kurege su kwashe. Ka huda gindin farantin da siririyar ƙusa saboda raɓa da feshin ruwa, murfin kuma ya zama mai faɗi, ya leƙo ya rufe farantin.

Durom mai lita 200 yana ɗaukar masara kusan buhu ɗaya da rabi, amma ni ba na shawartar kowa ya cika shi, don hatsin da ya daɗe a rana cikin ƙarfe gumi yake yi. In ka je Sabon Gari sayen durom, ka buɗe ka shinshina, wanda aka taɓa zuba maganin feshi ko baƙin mai ka bar musu kayansu komai arharsa.

Ko da yake a ƙasa ake ajiye shi, ka ɗora shi a kan duwatsu kamar yadda ake yi wa rumbu, saboda gara da tsatsa, sannan a kewaye shi da turaku masu tazarar da zabo zai ratsa amma akuya ta kasa. Ka faɗa wa mai saye ya kafa shi a bakin kurmi kusa da ruwa, irin fadamun kogin Galma na Zariya, kuma kada ya sa rai da kaka, lokacin da gonaki ke cike da abinci. Sai bazara tsuntsaye suke kula shi. Da damina ta sauka ya kwashe hatsin ya kife durom ɗin, domin lokacin ne zabi ke saka ƙwai, kuma maharban kirki ba sa taɓa uwa mai kwanci.