Hukuncin Binne Laya A Dokin Ƙofa Da Kwana Da Turaren Tsari Lokacin Hunturu

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni matar aure ce a Ƙofar Marusa, nan cikin Katsina, ina da goyon wata biyar. Bara war haka gobara ta tashi cikin dare a gidan da ke jikin namu har ta lashi rufin ɗakinmu, babban yarona kuma ya yi ta fama da ciwon haƙarƙari har sanyi ya wuce. Bana da hunturu ya kama sai surukata ta zo daga ƙauye da layu biyar ɗinkakku da jar fata, wani malami ya yi mata. Huɗu za a binne a kusurwoyin gida, ɗaya a dokin ƙofa, kuma an ce kada a kuskura a buɗe, in an buɗe sun karye. Akwai ƙullin turare kuma, kullum bayan isha'i a zuba a kasko, a rufe ƙofa da taga a kwana da shi, saboda iskokin da ke yawo cikin hunturu. Maigidana ya ce ba komai, ai Risala ta halatta laya. Turaren dai na fara tun shekaranjiya tunda shi ba laya ba ne. Layun ne zuciyata ta ƙi kwanciya da su. Mene ne hukuncinsu? Kuma ba na so in ɓata wa Inna rai.

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya raya miki zuri'a, ya kiyaye gaba.

'Yata, layu kika tambaya, amma abin da ya tayar mini da hankali shi ne wanda kika ɗauka mai sauƙi. Daga daren yau kada kasko ya sake kwana a ɗakinki. Garwashi in yana ci a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga, yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Farkonta ciwon kai da jiri da kasala, sai barci mai nauyi, wani daga barcin nan ba ya tashi. Jariri ya fi kowa saurin kamuwa. Da safe a balle ƙofa a tarar da mutane a kwance, sai a ce iska ta taɓa su. Gaskiya ne iska ce, amma ta kasko ce. In kwana biyun nan kin tashi da nauyin kai, ko yarinyar ta yi laushi ta ƙi kama nono, ki kai ta asibiti yau, ki gaya musu da garwashi kuka kwana.

Wannan kuma ba maganar likitoci kaɗai ba ce. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa Al-Ash'ari cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da aka ba Annabi (SAW) labari sai ya ce wutar nan abokiyar gabarku ce, in za ku yi barci ku kashe ta. Duk wanda ya ce miki ki kwana da wuta don tsarin gida, ya umarce ki da kishiyar abin da Annabi ya umarta. Turare shi kansa halal ne, tazargade ne ko habbatus sauda ko na ƙamshi. Ki turara da rana, taga a buɗe, ki fitar da kaskon tsakar gida ki kashe. Sai dai ki cire niyyar cewa hayaƙin yana korar aljanu, wannan ba shi da asali.

To, mu zo kan layun. Da kin ce mini takarda ce da kika gani da idonki, Ayatul Kursiyyu ce a ciki, ana so a rataya wa yaro marar lafiya, da amsata ta bambanta. Kalmomi biyu ne a tambayarki suka canza hukunci: "a binne" da "kada a buɗe". Da su layun nan suka zama haramun, kuma ba su cikin abin da malamai suka yi saɓani a kansa.

Maganar maigidanki ina so in tsaya a kanta, don kusan duk wanda ya yi zaman zaure a garin nan da ita yake kafa hujja. Bai yi wa littafin ƙarya ba. Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya faɗa a ƙarshen Risala cewa babu laifi da abin neman tsari da ake ratayawa in Alƙur'ani ne a cikinsa. Amma a karanta jumlar har ƙarshenta. Ya ce ratayawa, ya ce Alƙur'ani. Waɗannan na Inna ba rataya su za a yi ba, kuma babu wanda ya san abin da ke cikinsu sai wanda ya ɗinke su. Ta ina Risala ta shigo?

Shi Imamu Malik, mai mazhabar, da aka tambaye shi game da tofi da sunayen da ba a san ma'anarsu ba, cewa ya yi: me ya sanar da kai, wataƙila kafirci ne? Abin da Ibn Abdil Barr da Ƙurɗubi suka kawo daga gare shi kuwa shi ne sauƙaƙawa wajen rataya wa marar lafiya rubutu mai sunayen Allah don neman albarka, matuƙar ba a yi shi da nufin tare kambun baka ba, wato tun kafin abu ya faru. Na sani wasu masu sharhin Risala daga baya sun faɗaɗa har ga mai lafiya, ba zan ɓoye wannan ba. Amma su ma sun gindaya sharaɗi: ya zama maganar Allah ce ko zancen da aka fahimta, kuma a suturta shi daga ƙazanta. Babu ɗayansu da ya ce a haƙa rami a tura aya a ciki a bi ta kanta.

Ki duba dokin ƙofarki da kyau. Nan ake tuɓe takalmi, nan mai shiga da mai fita ke takawa, nan yaro ke tsugunawa ya yi fitsari kafin a ankara. Kusurwar gida kuwa, a mafi yawan gidajenmu ɗaya makewayi ce, ɗaya ta nan kwata ke fita, damina ta zo ruwa ya jiƙa komai. In Alƙur'ani ne a cikin layun, an wulaƙanta shi, kuma Malikiyyar da ake fakewa da su sun fi kowa tsanani a nan, don malaminsu Halil a littafinsa na fiƙihu, Muhtasar, ya lissafa jefa Alƙur'ani cikin ƙazanta a babin ridda. Ban ce Inna ko mijinki sun faɗa wannan hukunci ba, su girmamawa suke nufi, ina nuna miki nauyin abin ne kawai. In kuwa ba Alƙur'ani ba ne, hatimi ne da lambobi da sunayen da ba a sani ba, to shi ne abin da hadisi ya kira shirka, kuma babu saɓani a kansa. Ta kowace fuska aka bi, ƙofa a rufe take.

Sharaɗin "kada a buɗe" shi ya fi ba ni tsoro. A hadisin Aufu ɗan Malik da ke cikin Muslim, da sahabbai suka tambayi Annabi game da tofin da suke yi tun jahiliyya, cewa ya yi su kawo ya gani, babu laifi in babu shirka a ciki. Annabi ya ce a nuna, wannan mutumin da ya yi layun ya ce a ɓoye. Yaushe Fatiha ta taɓa karyewa don an kalle ta? Ni da hannuna na farke layu ba adadi a gaban ɗalibai. Na ga mai ayoyi tsaf, ba musu. Na ga wadda aka rubuta aya a juye aka cusa wasu sunaye a tsakiyarta, da gashi da zare mai ƙulli bakwai. Wata kuwa, wadda mai ita ya ce ya shekara goma yana ɗaure da ita a damtse, guntun kwalin sukari ne kawai a ciki. Rannan har shi sai da ya yi dariya.

Ita laya mai Alƙur'ani zalla da ake ratayawa, abin da na fi natsuwa da shi shi ne barinta, kamar yadda Ibn Mas'ud da almajiransa suka tafi a kai, amma ba na kiran mai yin ta mushriki.

Hunturu kuma ba lokacin aljanu ba ne. Iska ce busasshiya da ke tasowa daga Sahara ta arewa maso gabas, tun wajen ƙarshen Nuwamba har zuwa Fabrairu ko Maris. Tana busar da zana da azara da katifa har su zama kamar ƙirare, ga mutane sun matso da wuta kusa da shimfiɗa, shi ya sa gobara ke yawa. Ƙurar tana busar da hanci da maƙogwaro, sai tari da ciwon haƙarƙari su samu hanya, kuma a jelar wannan lokaci ne sanƙarau kan ɓulla. Waɗanda suka ga 1996 ba su manta ba, shekarar da ya kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan. Ki tabbatar goyonki ta samu allurar rigakafinta a kan kari. Ki sa wa yara hula da safa, ki shafa musu man kaɗe, wanka sai rana ta ɗaga. Kada a ajiye fetur a ɗakin kwana. In an ɗauke wuta ki zare hita da dutsen guga daga soket kafin ki kwanta, don ana iya kawo ta kuna barci.

Tsarin gida na Sunna kin san shi: Suratul Baƙara a karanta a cikin gidan, ko da kashi-kashi ne, ayoyi biyun ƙarshenta da Ayatul Kursiyyu kowane dare, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tofa a tafin hannu a shafe jiki, ki shafa wa yaran. In magariba ta doso ki shigo da su, ki rufe ƙofa da bisimilla, ki rufe tulu da kwanon abinci.

Saura Inna. Tsohuwar nan ta biya kuɗin mota, wataƙila ta sayar da akuya, don tsoron kada jikokinta su ƙone. Ba ke za ki ce mata ta yi kuskure ba, bakin suruka bai kai nan ba. Ki ba maigidanki wannan amsa ya karanta, shi ya same ta su biyu, ya gode mata, ya ce ya tambaya an ce ayar Allah ba a taka ta. Tsofaffinmu wannan maganar suna jin ta fiye da kalmar shirka. Ya roƙe ta ta riƙa yi wa yaran tofi da bakinta. Ya kuma bincika a hankali ko mutumin ya nemi sunan uwar wani, ko ya karɓi kuɗin zakara ko bunsuru mai wani launi. In haka ne boka ne ko da ya naɗa rawani, a yi istigfari, kada a koma.

Layun kuwa shi zai farke su da reza, ba ke ba, kuma ba a gaban Inna ba. In ayoyi ya tarar, ya wanke rubutun ya zuba ruwan a wuri mai tsarki, ko ya ƙone takardar. In da ƙulli, ya warware yana karanta Falaƙi da Nasi, sannan ya ƙone duka a tsakar gida da rana. Babu abin da zai same ku don an buɗe, da izinin Allah.

Wallahu a'alam.