Yarana na son kyanwa, ni kuma ina tsoron kashe kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni matar aure ce a Zariya, da yara uku. Yaran sun matsa min a kan kyanwa, ga ɓeraye kuma sun addabe mu a sito. Kyanwar maƙwabciyata ta haihu makonni uku da suka wuce, ta ce in zo in zaɓi guda kyauta. Ƙanwata kuwa ta ce gara in sayi ta waje mai dogon gashi, irin wadda ake tallatawa a Instagram. Da na ga farashin abincin gwangwani da yashin kanti da allurai sai gabana ya faɗi, maigida kuma ya ce ba zai ƙara ko sisi a kuɗin cefane ba. Yaya zan riƙe kyanwa da kyau ba tare da ta cinye min aljihu ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Na ji daɗi da kika yi wannan tambaya tun kafin kyanwar ta shigo gida, domin riƙon kyanwa alkawari ne mai tsawo. Wadda ta sami kulawa takan yi shekara 12 zuwa 15, wata ma ta zarce. Kusan duk abin da kika gani a kanti kika tsorata, za ki iya yi babu shi. Kuɗin da ya zama dole ba shi da yawa, kuma wurare huɗu yake tafiya: rigakafi, maganin tsutsa, aikin hana haihuwa, da nama. Idan kika matse hannu a waɗannan huɗun, asibiti zai karɓe abin da kika tara har da ƙari.

Ki karɓi ta maƙwabciyarki. Magen gida ta saba da zafinmu da ƙurarmu, gashinta gajere ne, ita ke gyara kanta. Mai dogon gashin nan da ake kira 'yar Farisa kuwa, kuɗin sayenta somin taɓi ne. Sai an taje ta kullum, in ba haka ba gashin ya cukurkuɗe har sai an aske. Ɗan hancinta da ya shige ciki yana wahalar da ita wajen numfashi, idanunta ba sa rabuwa da hawaye, akwai ciwon koda na gado a jinsinsu, kuma zafin Maris da Afrilu yana galabaitar da ita. Ga kuma hadisin Jabir a Sahihu Muslim da ya zo da tsawatarwa a kan cin kuɗin kyanwa. Mafi yawan malamai sun ɗauke shi a matsayin karhanci, wasu sun ce haramci ne, to wadda aka ba ki kyauta ta fitar da ke daga wannan saɓani baki ɗaya.

Sai dai kada ki ɗauko ta yanzu. 'Yar mako uku nono take sha, kuma idan aka raba ta da uwa sai an sayi madarar 'yan kyanwa ta musamman, mai tsada, a riƙa ba ta dare da rana. Madarar shanu ko ta gari da ake dama wa yara gudawa take sa ta, gudawa kuwa nan da nan take kashe ƙaramar kyanwa. Ki roƙi maƙwabciyar ta bar ta a wurin uwarta har ta cika mako 8, in da hali ma 12. A can za ta koyi cin abinci da binne kashinta, kyauta. Ranar zaɓe ki duba mai kuzari, idanu garau babu kwantsa, hanci babu majina, ƙarƙashin wutsiya a bushe. Ki shafa jikinta ki duba ko akwai inda gashi ya zube ya yi da'ira. Wannan makero ne, yana kama yara, kuma maganinsa na ɗaukar makonni. Idan aljihu ne babban abin dubawa, ki zaɓi namiji, don aikin da za a yi masa nan gaba ya fi na mace sauƙi da araha.

Kayan kanti ba sai mun daɗe a kansu ba. Kwanon silba biyu daga kicin ɗinki sun isa, ɗaya na ruwa ɗaya na abinci. Kwali da tsohon zani shi ne gado. Kwandon roba mai murfi ya isa kai ta asibiti, a ɗaure murfin da kyau. Guntun katako da aka naɗe da igiya zai ba ta wurin wasa farce, kujerunki su tsira. Abin wasa kuwa yara za su ƙera da takarda da gashin kaza, amma kada a bar mata zare ko robar ɗaure kuɗi, don in ta haɗiye yakan kai ga tiyata. Wurin bahaya ki sami baho mai faɗi ki zuba busasshen yashin gini da aka tankaɗe, ki ajiye shi nesa da kwanon abinci. A kwashe kashin kullum, a juye yashin duka a wanke bahon duk mako. Mai juna biyu ta bar wa wani wannan aiki, saboda wata ƙwayar cuta da ke fita a kashin kyanwa wadda ke iya cutar da ɗan tayi. Ƙwayar ba ta fara kama mutum sai kashin ya kwana aƙalla ɗaya, shi ya sa kwashewar kullum take da muhimmanci.

Abinci ne inda na fi ganin ana kuskure, kuma a nan nake so ki ba ni hankalinki. Kyanwa maciyar nama ce zalla. Kare zai rayu da tuwo da miya, ita ba za ta rayu da lafiya a kansu ba. Jikinta yana buƙatar wani sinadari mai suna tawurin wanda daga naman dabba take samunsa, rashinsa kuma a hankali yake makantar da ita ya lalata mata zuciya. Ragowar shinkafa da miya na da wata matsalar ta daban: albasa da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininta, ko ɗanyu ko dafaffu, ga gishiri da magi da barkono. Abincin kare ma, duk da ya fi araha, ba a haɗa shi don biyan buƙatar kyanwa ba.

Amma naman ba sai tsoka mai tsada ba. Ki ƙulla da mahaucin unguwarku da masu figar kaji a kasuwa. Zuciyar saniya ko ta kaji, ƙundu, guntattakin nama, duk abinci ne mai kyau, zuciya ma ta fi su yawan tawurin. A dafa sama-sama babu gishiri babu kayan ƙamshi, a ba ta har da romon, domin wani kaso na sinadarin yana fita cikin ruwan dahuwa. Dafaffen ƙwai sau biyu ko uku a mako ya yi. Hanta kaɗan ake sawa, kamar kashi 5 cikin 100 na abincin, don yawanta yana ɓata ƙashi. Kifi a dafa a cire ƙaya, kuma kada ya zama abincin kullum. Dafaffen ƙashin kaza ba a ba ta, tsagewa yake ya soke hanji. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne nama zalla ba ya gina ƙashi. 'Yar kyanwar da ta tashi a kan tsoka kaɗai ƙafafunta kan lanƙwashe, ƙashinta ya riƙa karyewa da ɗan tsalle. Maganin wannan yana kwandon sharar kicin ɗinki: ki tafasa ɓawon ƙwai, ki shanya, ki daka ya yi laushi kamar gari, ki zuba kimanin rabin ƙaramin cokali a kowane rabin kilo na nama marar ƙashi.

Ni dai shawarata ki haɗa biyu, musamman a shekarar farko da take girma: busasshen abincin kanti wanda aka rubuta cikakken abincin kyanwa ne, tare da dafaffen nama na gida. Babbar kyanwa mai kilo 3 zuwa 4 tana cin kimanin giram 50 zuwa 60 na busasshen a rana idan shi kaɗai take ci, wato kilo guda zai kai ta kusan kwana 18. Idan rabin abincinta na gida ne, ya zarce wata. Babban buhu ya fi arha a kan kowane kilo, amma a zafin nan man da ke ciki yana saurin lalacewa, don haka ki haɗa kuɗi da wata mai kyanwa ku raba, ki juye naki a roba mai murfi, ki duba ranar lalacewa kafin ki biya. Na gwangwani ba dole ba ne. 'Yar ƙarama tana ci sau 3 zuwa 4 a rana, babba sau 2, ruwa mai tsabta kuma kada ya yanke.

Za a ce miki ki bar ta da yunwa don ta fi kama ɓera. Don Allah kada ki saurara. Farauta a jininta take, ƙosasshiya ma tana yi, mayunwaciya kuwa gidan maƙwabta za ta koma ko ta faɗa bola ta kwaso cuta. Kin kuma san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Tunda ɓera ne ya kawo maganar, kafin ta iso ki kwashe duk gubar ɓeran da ke sito, ki gaya wa maƙwabta ma, don kyanwa na mutuwa idan ta ci gubar ko ɓeran da ya ci ta.

Rigakafi kala biyu ne. Akwai allurar haɗi mai kare ta daga cututtuka uku, mura iri biyu da wata muguwar cutar amai da gudawa da ke kashe 'yan kyanwa cikin kwanaki. Ana fara ta daga mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk mako 3 zuwa 4 har ta kai mako 16. Sai ta ciwon haukan kare, daga mako 12, a sake bayan shekara. Kada sunan ya ruɗe ki, kyanwa na kamuwa da shi kuma tana sa wa mutum ta cizo ko yaƙushi, in alamu suka bayyana kuwa babu magani. Da yara uku a gida, wannan allura ba ta da fashi. Ke da kike Zariya kin yi dace, ga asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai irinsa a jami'o'in Sakkwato da Maiduguri, ga asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha, waɗanda galibi sun fi masu zaman kansu sauƙi. Ranar 28 ga Satumba kuma ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, a wurare da dama akan yi allurar kyauta a makon, sai ki sa kunne a rediyo. Abin da nake roƙonki shi ne kada ki yarda da mai yawo da allura a jaka yana cewa tasa ta fi araha. Rigakafin da ya bar sanyi ya mutu, kin biya kuɗin ruwa ke nan. Ki karɓi kati mai ɗauke da kwanan wata da tambarin kwalbar.

Maganin tsutsar ciki ba shi da tsada. Ana ba 'yar kyanwa duk mako 2 har ta kai wata 2, sannan duk wata har wata 6, daga nan aƙalla duk wata 3, musamman mai cin ɓera. Likita zai auna ta ya faɗa miki adadin, ki ci gaba da bayarwa a gida.

Yanzu batun haihuwa. Mace na iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 6, cikin kwana 63 zuwa 65 ne, takan haifi 3 zuwa 5, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Ki lissafa bakunan da za ki ciyar. Namijin da ba a yi wa fiɗiya ba kuwa yawon dare yake, ya dawo da raunukan faɗa masu ruɓewa, ya riƙa fesa fitsari mai wari a bango. Aikin hana haihuwa, ga mace ko namiji, sau ɗaya ake yi a rayuwa, wajen wata 5, don haka ki fara ajiye wani abu tun ranar da ta shigo. Likita ne zai yi, da allurar barci. Dandaƙa irin ta gargajiya azaba ce kuma tana kisa. Allurar tsarin iyali ta mata da wasu ke yi wa kyanwa don gudun kuɗin tiyata tana jawo ruɓar mahaifa da ƙari a nono, ƙarshenta a yi tiyatar gaggawa da ta ninka ta farko tsada. Malamai da dama sun halatta aikin idan akwai maslaha kuma babu azabtarwa, kina iya tuntuɓar malaminki don ki sami natsuwa.

Daga kemis kuwa kada ki sayo mata komai da ka. Farasitamol guba ce ga kyanwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Maganin ƙuma da kaska na kare, wanda aka rubuta permethrin a jikinsa, yana sa ta karkarwa da farfaɗiya. Fiya-fiya, kananzir da baƙin mai da ake shafa wa dabba don ƙuma ko ƙazuwa, duk lashewa za ta yi. Idan ta ciji yaro ko ta yaƙushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a kai shi asibiti.

Bayan kuɗin aikin, ki ci gaba da jefa ɗan canjin cefane a asusu don ranar larura, kuma ki san lokacin fasa shi. 'Yar kyanwar da ta yi yini guda ba ta ci ba, ko take amai da gudawa tare, ko take numfashi baki buɗe, a kai ta a ranar. Idan namiji kika ɗauka, ki lura da bahon yashinsa. In kika ga yana yawan tsugunawa yana yunƙuri yana kuka amma fitsari ba ya fita, mafitsararsa ce ta toshe, kuma hakan na kisa cikin kwana biyu zuwa uku. Ko dare ne ki kira likita, saboda haka ki karɓi lambarsa tun ranar allurar farko.