Amsa ga ƙanwarmu ta Marwa kan kuɗin gida da tari

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta tambayarki, kin ce albashin maigidanki baya kai ku ashirin ga wata, ke kuma kina ɗinki kina ɗan samu, shine kike tambaya ko ku zuba kuɗinku wuri ɗaya ku dinga tari tare ko kowa ya riƙe nasa. Naga wasu sun ce ki ɓoye naki kar ya sani, wasu kuma sun ce ki miƙa masa duka. Ni dai duka biyun basu kwanta min ba. Bari in faɗa miki yadda muke yi a gidanmu nan Garwa, ni man gyaɗa da ƙuli-ƙuli nake yi, baban yara kuma malamin lakwal ne, wato makarantar boko, mun daɗe a kan wannan tsarin kuma Alhamdulillah ya zaunar damu lafiya.

Da farko dai kar ki yi saurin zargin bawan Allah. Man fetur a nan Kamaru da sefa 630 ake sayar da lita, a Fabrairun 2023 ya koma 730, a Fabrairun 2024 ya koma 840, shi kansa zuwa-zuwan da muke dogara da shi, wato man da ake shigowa da shi daga Najeriya ta bayan fage, ya tashi tunda Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, kuma kin san in mai ya tashi komai na kasuwa binsa yake. Ƙarin da aka yi wa ma'aikatan gwamnati kuwa kashi 5 da ɗan wani abu ne cikin ɗari, sai wani kashi 5 a shekarar da ta biyo. To albashin da yake kai mutane ƙarshen wata da, yanzu ba dole ya kai ba ko da mutum baya almubazzaranci.

Lissafi zaku haɗa, kuɗi kuwa kowa ya san nasa. Ci da sha da sutura da muhalli a kan miji Allah ya ɗora, abinda kika samu da kekenki naki ne, in kin taimaka kin samu lada. Amma jarinki kar ya shiga tukunya ko sau ɗaya, riba ake taimako da ita. Na sha ganin mata a unguwarmu da cefane ya cinye musu jari, yau ɗari biyar na magi da tumatir gobe dubu na gawayi, kafin shekara sana'a ta mutu, sai gidan ya dawo kan albashi ɗaya da dama baya isa, kinga an yi ba a yi ba kenan.

Abinda ya fi taimakonmu shine lissafin shekara muke yi. Mai albashi wata-wata yake tunani, amma abubuwan da suke karya gida duk na shekara ne kuma babu wanda yake zuwa ba sallama. Kowa ya san rantire, wato komawar yara makaranta, farkon Satumba ce, ga kuɗin APEE, ƙungiyar iyayen yara da malamai, duk da ana cewa firamaren gwamnati kyauta ce, ga kaye (littafin rubutu) da littattafai da kayan makaranta da takalma, mai ɗan da zai zana jarabawar CEP ta gama firamare ko BEPC ta ƙaramar sakandare ga kuɗin takardu na jiransa. Kowa ya san azumi na zuwa da sukari da gero da ƙanƙara, bayansa kayan sallar yara, bayansa layya. Kowa ya san damina lokacin zazzaɓin sauro ne a daidai sanda hatsi yake tsada a Yuli da Agusta. To mu muna samun dare ɗaya bayan yara sun kwanta mu ɗauko kaye mu rubuta waɗannan duka da abinda muka kashe musu bara, mu ƙara wani abu a kai saboda tsada, mu raba gida 12. Abinda ya fito, shi ake fara cirewa ranar da albashi ya shigo tun kafin a sayi ko ashana. Misali in rantire tana cin muku dubu 90, sefa 7,500 ne a wata, wannan mutum zai iya, amma a ce ya nemo dubu 90 cikin sati ɗaya dole ya ci bashi ya shigo gida rai a ɓace.

Hatsi kuwa da kaka muke saya. Dawa da masara wajen Nuwamba zuwa Disamba, shi baban yara yakan je kasuwar Pitowa ranar Lahadi ya ɗauko buhunan da zasu kai mu wata kakar, ku kuma na Marwa kuna da gata biyu tunda ga masakwa, dawar rani, da ake girbewa wajen Fabrairu. Wake ki nemi buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ake ɗaurewa iska bata shiga, ba sai kin zuba magani ba kuma ƙwari basa ci, a can Marwarku ma masu binciken IRAD, cibiyar binciken noma ta Kamaru, da wata jami'ar Amurka suka fara gwada dabarar. Wallahi in akwai hatsi da wake da mai a ɗaka, ko ashirin ga wata ta yi aljihu ba komai hankalin mace a kwance yake, kuɗin miya kawai za'a nema.

Sai maganar dangi, wadda ni a ganina ita ce ta fi haɗa mata da miji faɗa amma ba'a son faɗi. Shi yana tura wa mahaifiyarsa da ƙannensa a ɓoye don kar ki yi magana, ke kina miƙa wa naki a ɓoye, ƙarshen wata kowa na kallon ɗan uwansa yana tambayar ina kuɗi suka shiga. Dan Allah ƙanwata kar ki taɓa nuna ƙyashi a kan abinda yake ba uwarsa, haƙƙinta ne kuma albarkar gidanku ce. Ke ma da bakinki ki ce a rubuta kason Hajiya a saman kaye, kusa da kuɗin haya. In yaga ke kika fara kawo wannan, sauran lissafin ba zai ji nauyin buɗe miki ba. Mu a gidanmu akwai kason iyaye, akwai kuma wani ɗan kaso na biki da suna da gaisuwar rasuwa, in ya ƙare a watan ya ƙare, sai muje da ƙafarmu da addu'a. Anko kam na rage shi sosai, sai na jini na kusa, don zani ɗaya sai ya ci kuɗin gas na wata alhali tulun sefa 6,500 ne a farashin hukuma.

Inda za'a ajiye ma abin dubawa ne. Orange Money da MoMo, asusun kuɗi na waya, suna da sauƙi amma sun yi kusa da hannu, kira ɗaya daga ƙauye sun tafi, ga kuɗin cirewa ga harajin da aka ƙara tun 2022, in ana ta shiga da fita sai ki ga ana zaftarewa. Mun ware layi daban na tari wanda baya cikin wayar kowa, a akwati yake. Adashi yana da kyau in kin san uwar adashin da mutanen ciki, ni nakan roƙi a bani kwasar Agusta saboda rantire. Wasu kuɗin kuma ɗan rago muke saya bayan layya sanda kasuwa ta faɗi, yara su dinga bashi dusa da harawa, in shekara ta zagayo ga abin yanka. In zaku kai ƙananan bankunan nan na tari ku tabbata suna da izinin hukuma, an sha rufe wasu da guminsu talakawa a ciki. In kuma Allah ya kawo rabo ki yanki shek sante da wuri, dubu 6 ne, ya ɗauke awo da haihuwa har tiyata in ta kama a asibitocin da suke cikin tsarin.

In ya nemi rance a wurinki ki bashi in kina da hali, amma ku rubuta a kaye da ranar biya. Ba rashin yarda bane, aya mafi tsawo a Alƙur'ani cikin Baƙara a kan rubuta bashi ta sauka. Baban yara yana ara a wurina yana biya, nima haka, shi yasa har yau in ya tambaya bana jin ɗar.

Kar ki tada maganar ranar da kuɗi suka ƙare, ranar kowa a wuya yake. Ki bari albashi ya shigo, ya ci abinci ya huta. In kuma irin mazan nan ne da basa son mace ta san nawa suke ɗauka kar ki matsa, ki fara da naki ɓangaren, ki rubuta duk abinda ya baki na cefane da inda ya tafi har wata ya cika, ki ajiye masa kayen ya duba da kansa, sannan ki roƙe shi abu ɗaya tak, ku fara ware kuɗin rantire tun wannan watan.